Belem ko Alfama: Ina Baƙo Zai Fara Sa Ƙafa a Lisbon?

Wanda yake da yini ɗaya tak a Lisbon, babban birnin Fotugal, sau da yawa sai ya zaɓa tsakanin unguwanni biyu. Belem tana yamma, a bakin kogin Tejo, inda Vasco da Gama, shahararren matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, ya tashi zuwa Indiya a 1497, kuma kabarinsa yana cikin majami'ar Jeronimos. Kusa da nan akwai shagon da tun 1837 yake gasa ƙaramin kek na ƙwai da madara, wanda ake kawowa da ɗuminsa, ɓawonsa yana ɓarɓashi a hannu, a barbaɗa masa kirfa. Sai dai layin jira yakan cinye wa mutum lokaci.

Alfama kuwa tana kan tudu, ƙarƙashin ganuwar Sao Jorge, kuma ta tsira daga girgizar ƙasar 1755 da ta rushe yawancin birnin. Sunanta daga Larabci ya samo asali, tun zamanin da Musulmi suka mulki garin kafin 1147. Lungunanta ƙanana ne har taragon lantarki mai lamba 28 yakan wuce kamar zai goga bango, ga wanki a shanye a tagogi. A watan Yuni ana gasa kifin sadin a kan gawayi a ƙofar gidaje, a ɗora shi a kan burodi, hayaƙin ya cika unguwa. Ni dai Alfama nake fifitawa, domin kifin yana sauƙaƙa wa Musulmi zaɓin abinci a ƙasar da naman alade ya yawaita, muddin ƙafafunsa za su jure hawan matakala.