Muryoyin tarihin Bishop Crowther a kart memwar, ra'ayina

Jama'a ga masu tambaya ko muryoyin nan na tarihin Bishop Ajayi Crowther sun cancanci kuɗinsu, ni dai na saurara kuma na ce ku saya. Wani yaro ne mai butik ɗin tura waƙoƙi da cajin salula kusa da kasuwar Dole a nan Damagaram yake turawa, jika ɗaya idan kart ɗinka ne, idan nasa ne sai ku daidaita. Yaron akwai haƙuri, sai ya kunna maka ka ji kafin ka biya, abin da ba kowa ke yi ba.

Mai bayanin da Hausa yake yi, irin ta Najeriya ce amma ana ganewa sarai, kuma baya gaggawa. Ya faro tun daga Osogun a ƙasar Yarbawa inda aka kama Ajayi yana yaro wajen 1821 aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin 'yan Fotugal, sai sojan ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822 suka sauke su a Firitawun ta Saliyo, can aka yi masa baftisma a 1825 ya shiga lakwal ta Fourah Bay. Wurin da ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a Abeokuta bayan shekara ashirin da wani abu, gaskiya ya taɓa ni, tsohuwarmu ma da ke tankaɗe a gefe sai da ta ajiye rariya.

An naɗa shi bishop a Canterbury a 1864, baƙin mutum na farko da ya zama bishop a cocin Angalika, dangin wadda ake kira Episkopal a Amurka. Ga fassarar Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, ga aikin Onitsha da Lokoja a bakin kogin Kwara. Amma ni abin da ya fi kama ni shi ne zamansa da musulmi, yadda yake zuwa fadar Masaba sarkin Nufe a Bida da ladabi, ya yi gaisuwa ya yi magana ba zagin addinin kowa. Mu da muka ga abin da ya faru a garin nan a Janairun 2015 da aka ƙona majami'u, kuma har yau maƙwabtanmu musulmi su ne masu kawo mana naman layya mu kai masu abincin Nowel, mun san darajar irin wannan hali, don haka na so 'yan matasanmu su ji wannan kashin da kunnensu.

Kuma mai bayanin bai ɓoye ƙarshen ba, na yaba masa a nan. Wasu samarin turawan mishan sun zo suka dakatar da fastocinsa baƙaƙe a 1890 suka ci mutuncin dattijo a gaban mutanensa, ciwon shanyewar jiki ya kama shi ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891, aka ɗora bature a gurbinsa. Sai a 2014 Akbishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya fito ya nemi gafara kan abin da aka yi masa.

Inda raina bai so ba, mai bayanin ya ambaci Schön, baturen mishan abokin tafiyar Crowther a kogi a 1841 ya wuce kawai, alhali Schön ɗin nan daga bakin Dorugu ya rubuta labarai da Hausa, kuma Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne, shi ma bauta ta ɗauke shi yana yaro ya bi Barth, Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, har Ingila a 1855. A ce kana ba Hausawa labari da Hausa ka tsallake wannan? Haba malam.

Sai sauti, kashi biyu na tsakiya akwai ƙarar janareto, a ƙaramar salula sai ka manna kunne. Kuma fayilolin ba a jere suke ba, ka ce wa yaron ya sa masu lamba kafin ka bar butik ɗin, in ba haka ba za ka ji rasuwar bishop kafin a naɗa shi.