Google Scholar da lissafin ambaton likitocin fiɗa: inda yake da amfani, inda yake ruɗi

Duk likitan fiɗa da ke koyarwa a asibitin koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna ko a na Shika ta Zariya ya san cewa idan lokacin ƙarin girma ya zo, ba a tsaya kan yawan cikin da ya buɗe ba. Takardun da ya wallafa ake dubawa, sannan yanzu an ƙara da tambayar sau nawa wasu masu bincike suka ambace su. Wurin da kowa ke fara zuwa neman amsar shi ne Google Scholar, shafin Google na neman takardun bincike, domin kyauta ne kuma yana buɗewa a waya ko da sabis ba shi da ƙarfi. Hukuncinmu a kansa: wajen nemo aikin mutum da baje shi ba shi da na biyu, amma wajen auna darajar aikin, mudu ne da ba a shafe bakinsa, ƙaiƙayi ma shiga yake.

An buɗe shi a 2004, shafin marubuci kuma ya zo a 2011. Lambobi uku yake nunawa: jimillar ambato, ma'aunin h, da ma'aunin i10, kowanne kashi biyu, na duk shekaru da na shekaru biyar na baya-bayan nan. Ma'aunin h wani masanin kimiyyar fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. A jera takardun mutum daga mai yawan ambato zuwa ƙasa. A ce ambaton ya zo haka: 90, 41, 30, 18, 12, 9, 8, 5, 3. Ta bakwai tana da 8, ta haye bakwai. Ta takwas tana da 5, ba ta kai takwas ba. Ma'aunin h ɗinsa 7 ke nan. Shi kuwa i10 takardun da suka samu ambato goma ko fiye kawai yake ƙirgawa, a nan 5. A lura, da takardar farko za ta tashi daga 90 zuwa 900, h yana nan a 7 ɗinsa.

Buɗe shafi ba ya cin lokaci: asusun Gmail, suna, wurin aiki, sai adireshin imel na jami'a, irin mai ƙarewa da kasu.edu.ng ko abu.edu.ng. Wannan na ƙarshe mutane ke tsallakewa, kuma in ba a tabbatar da shi ba, ko ba a mai da shafin na kowa-da-kowa ba, sunan ba zai fito ba idan aka neme shi.

Babban abin yabo shi ne faɗin komarsa. Yana kamo mujallun da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, da kundayen digiri da jami'o'i suka ɗora, da takardun taro. Likitan da ya yi shekaru yana rubutu kan hujewar hanji sakamakon taifod, ko murɗewar hanji, ko ƙuntatar mafitsara, ko yoyon fitsari, yawancin masu ambatonsa 'yan uwansa ne na Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, a mujallun da manyan rumbunan Turai ba duka suka ɗauka ba. A nan ne kaɗai zai ga ambaton nan a tattare.

To amma komar da ta kamo kifi ita ke kamo shara, kuma matsala ta farko sunayenmu ne. Mujallu suna taƙaita suna zuwa irin "Ibrahim A" ko "Abubakar M", kuma masu wannan suna a jami'o'in Najeriya, Sudan, Masar da Malesiya ba su ƙirguwa. Idan aka bar shafi a kan tsarin sabunta kansa da kansa, sai a wayi gari an liƙa wa likitan fiɗa takarda a kan takin zamani ko injiniyan man fetur, ambato ya kumbura ba da saninsa ba. Ga kuma Muhammad da Mohammed da Muhammed, ga mujallar da ta mai da sunan yanka ya koma na mahaifi, ga wanda a wata takarda ya sa sunan garinsu a wata bai sa ba. Maganinsa biyu. A shiga wurin sabunta takardu a zaɓi a riƙa aiko da imel kafin a ƙara komai. Sannan a yi rajistar ORCID, lambar shaidar marubuci ce mai gurbi 16, kyauta, a riƙa ba kowace mujalla ita, a kuma tsaya a kan rubutun suna guda har a yi ritaya.

Ta biyu, takarda ɗaya tana fitowa sau biyu ko uku: ta shafin mujalla, ta AJOL, da wadda wani ya rubuta takenta ba daidai ba a jerin madogararsa. Ambato sai ya rabu, 6 a nan 5 a can, alhali da an haɗe ta shiga i10. A yi wa duka alama a danna Merge. Idan tauraro ya fito kusa da lambar, alama ce an haɗa abubuwan da manhajar ke ganin ba ɗaya ba ne. Mai tantancewa ya buɗe ya duba.

Ta uku ita ce ta fi shafar fiɗa, kuma ita ce aka fi kau da kai a kanta: binciken taron dangi. Binciken ASOS da ya fito a mujallar Lancet a 2018 ya tattara bayanan marasa lafiya 11,422 daga asibitoci 247 a ƙasashen Afirka 25, ya nuna cewa wanda aka yi wa fiɗa a Afirka ya ninka matsakaicin duniya wajen haɗarin mutuwa bayan aiki. Haka binciken haɗin gwiwa na GlobalSurg da COVIDSurg, sunaye ɗaruruwa ko dubbai a ƙarshen takarda. Aiki ne mai kyau, kuma wanda ya cike fom ɗin marasa lafiya ashirin a asibitinsa ya cancanci a sa sunansa. Sai dai Google Scholar yana barin kowannensu ya ɗora takardar a shafinsa, ya kwashe ambaton gaba ɗaya, daidai da wanda ya tsara binciken. Shi ya sa za a ga ƙaramin likita da ambato dubu biyu, ga farfesan da ya koya masa ɗinkin hanji bai kai ɗari takwas ba. Gane wannan ba wuya: a duba takardu biyar na sama a shafin, a nemi kowacce a PubMed, rumbun takardun binciken lafiya, a ga sunan yana layin marubuta ne ko yana jerin masu ba da gudummawa da ke ƙasa. Duk kwamitin da bai raba waɗannan biyu ba, ya zalunci wani.

Sannan ba ya tace komai. Mutum ya ambaci kansa, an ƙirga. Mujallar karɓi-kuɗi-ka-buga, wadda ke amincewa da takarda cikin kwana uku, ta ambace shi, an ƙirga. A 2010 Cyril Labbé, wani masanin kwamfuta a Faransa, ya ƙirƙiri marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa takardun shirme kusan ɗari masu ambaton juna, ma'aunin h ɗinsa ya kai 94, ya wuce na Einstein a lokacin. Kuma babu ofishin kai ƙara. Idan mujalla ta gyara kuskure a shafinta, masu Google Scholar da kansu sun ce gyaran kan ɗauki wata shida zuwa tara, ko fiye, kafin ya bayyana.

Abokan gogayyarsa fa? Scopus na kamfanin Elsevier, shi ma na 2004, ya fi tsafta: mujallun da ya tantance kawai yake ƙirgawa, yana korar wadda ta lalace, kuma ana iya cire ambaton kai. Neman marubuci a ga adadin takardu da h kyauta ne, cikakken bayani kuwa sai cibiyar da ta biya. Lambarsa kusan kullum tana ƙasa da ta Google Scholar, wannan ba laifi ba ne. Aibinsa shi ne yakan raba mutum ɗaya gida biyu ko uku idan ya sauya asibiti ko rubutun suna, amma akwai fom na neman a haɗe, abin da ya kamata a yi tun kafin a miƙa takardun ƙarin girma. ResearchGate wurin ajiye takarda ne da samun masu karatu. Ya janye RG, makin da yake ba masu bincike, a 2022, kuma yawan "karantawa" da yake nunawa ba ambato ba ne, kada a sa shi a takardar neman aiki. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne iCite na NIH, cibiyar binciken lafiya ta Amurka: kyauta, a zuba lambobin PubMed na takardu, ya kwatanta kowacce da sa'o'inta na fanni ɗaya, inda 1.0 ke nufin matsakaici.

Kwatanta da sa'o'in nan yana da muhimmanci, don fiɗa ba ta tara ambato kamar binciken ƙwayar halitta ko cutar da ta game duniya. Rahoton mara lafiya guda, wanda shi ne akasarin abin da likitocinmu ke farawa da shi, kan shekara biyar bai samu ambato biyar ba. Takardun da ke tashi sama su ne na ƙa'ida da rabe-rabe, kamar tsarin Clavien da Dindo na 2004 na jera matsalolin bayan fiɗa, wanda aka ambata sau dubbai goma-goma domin kusan duk mai rahoton sakamakon aiki sai ya koma gare shi. Don haka a gwada likitan fiɗar yara da likitan fiɗar yara, wanda suka fara wallafa a lokaci guda, ba da likitan lafiyar al'umma ba.

Ga kwamiti ko mai tantancewa na waje, tsarin da muke ganin ya fi adalci shi ne a karɓi adireshin shafin Google Scholar da lambar Scopus da ORCID tare, a rubuta ranar da aka ɗauki lambobin tunda suna motsi, a ware takardun taron dangi gefe, a ƙirga inda mutum ya zo na farko ko na ƙarshe a layin marubuta, sannan a ce ya zaɓi biyar da ya fi alfahari da su a zauna a karanta. Ga majinyaci kuwa da ke neman wanda zai yi wa mahaifiyarsa aikin maƙoƙo, babu ɗaya daga cikin shafukan nan da zai gaya masa irin aikin nawa likitan ke yi a shekara, ko sau nawa ciwo ke ruɓewa a hannunsa. Wannan sai ya tambayi likitan kai tsaye, ya kuma tabbatar yana da lasisin MDCN, hukumar da ke yi wa likitocin Najeriya rajista, da shaidar ƙwarewa ta kwalejin likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas.