Squier Bronco: jita ta yi, mai shago ne bai yi ba

Duk wanda ke kaɗa bes, wato jita mai kaurin murya, kuma yake fama da amosanin gaɓɓai kamar ni, ya nemi gajeriya ya gwada kafin ya yanke ƙauna. Ni saura kaɗan in rataye tawa a bango in haƙura. Tsohuwar da nake da ita kwafin Precision ce, irin fasalin da Leo Fender ya fito da shi a 1951, tsawon tsirkiyarta inci 34, nauyinta ya haura kilo 4. In muka je dina muka tsaya daga bayan isha'i zuwa sha biyun dare, washegari kafaɗata ta hagu ba ta ɗaguwa, ƙaramin yatsana kuwa sai na tsoma shi a ruwan ɗumi kafin ya lanƙwasu. Likita ya ce in rage. To in rage in ci me? Dama a situdiyoyin Zoo Road a nan Kano yawancinsu da fiyano suke haɗa bes ɗinsu, ɗan aikin da ya rage mana shi ne na biki.

Wannan Squier Bronco ɗin ta hannu na samu a Sabon Gari, inci 30 ce. Da na fara ganinta na raina ta, wallahi na ɗauka ta yara ce. Amma inci huɗun nan ba wasa ba ne. Daga firet na 1 zuwa na 4, wato siraran ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, inda hannuna ya fi shan wahala, tazarar ta ragu da fiye da rabin inci, kuma tsirkiya mai kauri iri ɗaya in aka saita ta a wannan tsawon, taurinta na raguwa da wajen kashi 22 cikin 100. Dannawa kaɗan ta isa. Hannu ma ba ya miƙewa can nesa don kama sautin F da ke firet na farko, gwiwar hannu na nan kusa da haƙarƙari. Na sa mata maratayi mai faɗin inci 3, kafaɗa ta samu sauƙi. Yayarta Mustang, wadda Fender suka fitar a 1966, ita nake mafarki, amma kun san yadda dala take.

Yanzu ga abin da ya ɓata min rai. Tsirkiyoyin da ta zo da su masu kaushi ne, waɗanda in ka shafa za ka ji zara-zara. Ni kuwa da sanyi ya shigo kan yatsuna tsagewa yake yi, to ka ja tsagaggen yatsa a kan wannan waya ka ji. Na koma shagon na ce ina son masu santsi, filat, kuma na faɗa da bakina cewa na gajeriyar bes nake so, tunda a hannunsa na saye ta. Ya ɗauko kwali ya ce, “Alhaji, ai duk ɗaya ne, in ta yi tsawo sai ka yanke.” Na ce ka tabbata? Ya rantse.

Ba ɗaya ba ne! Kowace tsirkiyar bes tana da siririn kai, shi ne ake naɗewa a kunnen jita, jikin mai kauri kuma ya tsaya tsakanin gada da ƙashin wuya, wato wurare biyun da tsirkiya ke zama a kai, ƙasa da sama. Wadda ya ba ni ta inci 34 ce, don haka jikin mai kauri ya zarce har ya hau kunne. Ta E, wadda ta fi duka kauri, ina cikin murɗawa ko saiti ba ta kai ba na ji ƙas. Faffaɗan ƙarfen da aka naɗe ta da shi ya buɗe a wurin lanƙwasa, wayar ciki ta tsinke. Kuma murɗa kunnen nan da hannu irin nawa ba ƙaramin aiki ba ne, ina yi ina hutawa, gumi na zuba.

Na kwashe su na mayar. Mutumin da ya rantse min ya kalli kwalin ya ce kayan da aka buɗe ba a karɓa, wai ni na ja ta da ƙarfi. Na nuna masa yatsuna na ce, Malam, dubi hannun nan, da wane ƙarfin? Ya ce sai dai in sayi wani sabon saiti, kuma irin wancan dai, don shi kaɗai gare shi. Ashe tun farko ba shi da na gajeriya, bai iya cewa babu ba ne kawai. Da ya ce babu ai da na gode masa na tafi. Har yau in na bi ta layin nan raina sosuwa yake.

Wani mai gyaran jita ne ya sa aka aiko min tsirkiyoyi masu santsi, D'Addario Chromes na gajeriya, daga Legas, masu lambar kauri 45 zuwa 100, ya ɗaura min, ya sassauta ƙarfen cikin wuya, ya sauke tsirkiyoyin suka matso kusa da firet. Ya kuma goge bakin firet ɗin da suka ɗan fito saboda bushewar katako a hunturu, abin da ke samun kusan kowace jita a garin nan. Santsinsu ya yi min, yatsa na zamewa ba ciwo, sautin kuma mai kauri ne, yana zama daidai ƙarƙashin kalangu. Masu son bes mai ƙara tas-tas ba za su so shi ba.

To amma ku lissafa: kuɗin jita, saiti biyu na tsirkiya, kuɗin aike, ladan mai gyara. Arhar da na yi murna da ita ta tafi. Jitar kam ina ba ta huɗu cikin biyar, kuma ba na jin zan koma inci 34. Sai dai in za ka saya a Kano, ka fara tabbatar da inda za ka samu tsirkiyarta, ka karanta bayan kwali da idonka, in ba a rubuta ta gajeriya ba ce ka ajiye masa kayarsa ko da ya dafa littafi. Ukun da suka rage daga wancan saitin suna nan a durowa, duk mai doguwar bes da ta E ɗinsa ke da rai ya zo ya ɗauka.