Littafin jagora na zuwa Istanbul: wanne ya cancanci kuɗinka?

Idan Istanbul ka nufa kuma littafi ɗaya za ka saya, ni dai DK Eyewitness zan ce ka ɗauka. Wani zai ce me za a yi da littafi alhali ga waya a hannu. To, waya tana kai ka inda ka riga ka san sunansa ne kawai. Ba za ta ce maka ka bar layin 'yan yawon buɗe ido ka hau tudu ka ga masallacin Sulaimaniyya ba, kuma ranar da caji ya ƙare ko layinka ya ƙi kamawa a tsakiyar kasuwa, sai ka koma tambayar mutanen da ba ku jin yaren juna.

Abin da ya sa na fifita DK, waɗanda suka fara fitar da jerin nan a 1993, shi ne sun zuba ƙarfinsu a kan abin da ba ya canjawa. Za su zana maka gini kamar an yanka shi biyu, ka ga ciki da waje: ga ƙubba, ga mumbari, ga ƙofar shiga, ga inda sarki yake tsayawa salla a da. Ayasofya, tsohon cocin da ya zama masallaci, tun shekarar 537 take tsaye, Sulaimaniyya da magini Mimar Sinan ya gina an kammala ta a 1557, babu wanda zai matsar da su gobe. Fadar Topkapi kuwa farfajiya ce bayan farfajiya, mutum yana iya yini a ciki ya fito bai leƙa ɗakin da aka adana kayan tarihin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa ba, alhali yawancinmu don shi muke shiga. Da zanen a hannunka kai tsaye za ka nufi wurin. Haka taswirorin unguwa-unguwa, titi da lungu a fili, ka ga yadda jirgin titi na T1 yake bi ta Sultanahmet, ya wuce bakin babbar kasuwar Kapalıçarşı, ya kai Laleli da Aksaray. Turancinsu ma gajere ne, guntun bayani a gefen hoto, wanda ya yi sakandare zai bi shi ba tare da ƙamus ba. Aibinsa ɗaya, bayanin masauki da abinci ba shi da zurfi, kuma babban bugun yana da ɗan nauyi a jaka. Wanda kwanakinsa kaɗan ne sai ya nemi ƙaraminsu mai suna Top 10, yana shiga aljihun riga.

Sauran fa? Lonely Planet, wanda Tony da Maureen Wheeler suka fara a 1973, ya fi kowa suna, amma an rubuta shi ne don matashin Bature mai jakar goyo da ke neman ɗakin kwana na haɗaka da wuraren shaƙatawar dare. Rough Guides rubutu ne tuli, sai mai son karatu. Rick Steves da Fodor's da Ba'amurke suke magana. Bradt gwanaye ne a ƙasashen da sauran ba sa kulawa da su, har Najeriya da Nijar da Ghana sun yi wa littafi, amma babban birni irin wannan ba fagensu ba ne. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram masu karanta Faransanci suna da Le Routard, ba laifi, sai dai hotunansa kaɗan ne.

Ko wanne ka zaɓa, akwai abin da babu mai ba ka. Shafin biza a cikinsu na masu fasfon Ingila da Amurka da Turai ne, kai mai koren fasfo tsallake shi, ka nemi bayani daga ofishin jakadancin Turkiyya. Za su gargaɗe ka kada ka je masallaci lokacin salla domin ana dakatar da 'yan kallo, mu kuwa lokacin ne ma namu. Unguwar Eyüp, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, ba sa ba ta wurin da mu za mu so a ba ta. Uwa uba, ɗan kasuwan da ya je sarin kaya a Laleli ko Merter ko Osmanbey ba zai ga komai a kan dilolin tufafi da masu kago, wato masu jigilar kaya, ba. Wannan ilmin yana bakin waɗanda suka riga ka zuwa, a Kantin Kwari za ka same shi kafin ka tashi. Farashi kuma kada ka ko kalle shi. Hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 80 cikin ɗari a 2022, don haka duk kuɗin Lira da aka buga a takarda ya zama tarihi tun littafin bai bar maɗaba'a ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, shekarar bugu. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle: an taɓa sayar min da littafi mai sabon bango fes, cikinsa kuwa tsohon bugu ne aka ɗauki hotonsa aka ɗinke, duk bayanin sauka da motocin shiga gari na filin jirgin Atatürk ne, wanda aka kwashe jiragen fasinja daga cikinsa tun Afrilun 2019. Tun daga nan ba na yarda da bango. Buɗe shafin da aka rubuta haƙƙin mallaka, a gaba ko a can ƙarshe, ka ga shekarar da kuma bugu na nawa ne. Ka sani ma binciken da ke ciki ya girmi wannan shekarar, domin ana ɗaukar watanni tsakanin yawon marubuci da fitowar littafi.

Istanbul tana da sauƙin gwaji. Duba Ayasofya: in littafin ya kira ta gidan tarihi, to ya riga Yulin 2020, lokacin da aka mayar da ita masallaci. In bai faɗi cewa tun Janairun 2024 baƙi 'yan kallo suna biyan Yuro 25 su hau bene ba, shi ma ya kwana biyu. Duba ko ya san jirgin ƙasa na M11 da aka buɗe zuwa sabon filin jirgi a farkon 2023, da masallacin Taksim na 2021, da na Çamlıca na 2019. Minti biyu ya isa, kana tsaye a gaban mai shago.

Na kwafi ma da sauƙi, taswirarsa ce take tona shi, launi ya dushe, sunayen tituna sun cakuɗe, in ka buɗe shi sosai takardu su fara zubowa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sabon salon da ya cika kasuwannin intanet: littattafan da manhajar ƙirƙirarriyar basira take rubutawa. A watan Agustan 2023 jaridar New York Times ta bankaɗo su jingim a Amazon, har da na Faransa da aka liƙa wa sunan wani wai shi Mike Steves, don mai saye ya ɗauka Rick Steves ne. Marubucin babu shi, hotonsa na bogi, yabon da aka jera a ƙasa shi ma na bogi. Bayan nan Amazon ya taƙaita wa masu buga littafi da kansu zuwa uku a rana, ka ji fa, uku a rana, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yawan abin da ake juyewa.

Alamominsu ba ɓoyayyu ba ne. Take mai tsawo da aka cusa wa shekara, wani lokaci har biyu, da alkawarin wai shi ne cikakke. A gurbin sunan kamfani sai ka ga an rubuta cewa marubucin ne ya buga da kansa. In ka nemi sunansa a intanet ba ka ganin komai, ko kuma ka tarar mutum ɗaya ya rubuta na Istanbul da Tokyo da Alƙahira a wata guda. Cikinsa babu taswira, ko akwai ta guda ɗaya da aka kwafo, hotuna baƙi da fari, magana kuma ta gama-gari: birni ne mai daɗi, mutanensa masu karamci. Ba zai gaya maka Kapalıçarşı ba ta ci ranar Lahadi ba, ko cewa Topkapi a rufe take ranar Talata, ko yadda ake sayen katin Istanbulkart na shiga jirgi da bas da kwalekwalen tsallaka ruwa. Kada taurari biyar su ruɗe ka, gangara ka karanta masu tauraro ɗaya, su ne suka biya kuɗi suka buɗe littafin. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ma ba hujja ba ce, na bogin suna samunta.

In wani za ka aika ya sayo maka daga waje, kada ka ba shi suna kawai. Tura masa hoton bangon daga shafin kamfanin DK kansa, da lambar ISBN ta sabon bugu, ka ce ya ɗauko maka hoton shafin shekara kafin ya biya.