Binciken bakin rumfa na Edison Research: gwani ne wajen faɗar wa aka zaɓa, amma a yi hattara da ƙidayarsa

Duk mai bin zaɓen Amurka a CNN ko NBC ya saba da alƙaluman nan da ake jerowa tun ba a gama ƙirga ƙuri'u ba: kashi kaza na mata sun zaɓi wane, kashi kaza na matasa sun bi wane. A zaɓukan shugaban ƙasa daga 2004 zuwa 2024, kamfanin Edison Research na jihar New Jersey ne ya riƙa haɗa su, a madadin gamayyar kafofin labarai da ake kira National Election Pool. Gidajen talabijin ke biyan kuɗin aikin. Mai karatu yana ganin jadawalin kyauta a shafin CNN, ɗanyen bayanan kuma ana adana su a cibiyar Roper da ke Jami'ar Cornell. In ana son a auna ingancin wannan hidima, babu inda ya kai zaɓen 2012, domin a kan waɗannan alƙaluma ne jam'iyyar Republican ta ɗora bayanin dalilin faɗuwarta.

Ga yadda aikin yake. Ana zaɓar rumfunan zaɓe da za su wakilci ƙasa, a 2012 kimanin 350 ne. A kowace rumfa ana ajiye ma'aikaci a waje, da umarnin ya tare kowane mutum na uku, ko na biyar, ko na goma da ya fito, gwargwadon cikar wurin. Wanda ya amince sai a miƙa masa takarda ya cike da hannunsa, babu suna, ya jefa a akwati. Wanda ya ƙi, ma'aikacin zai rubuta jinsinsa, ya kintaci shekarunsa da launinsa da ido, don a yi gyara daga baya. Waɗanda suka riga suka kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe ko ta gidan waya, su kuma ta tarho ake samunsu. Gaba ɗaya an ji ta bakin mutum sama da 26,000 a shekarar. Sai abin da mutane da yawa ba su sani ba: yayin da sakamakon gaskiya ke shigowa, ana ta daidaita alƙaluman har su yi daidai da shi. Shi ya sa jadawalin da ka gani da magariba yake bambanta da na wayewar gari, kuma na wayewar garin ne abin riƙewa.

Barack Obama na Democrat ya samu wakilan zaɓe 332 (ana bukatar 270 kafin a ci zaɓe), Mitt Romney na Republican 206, da tazarar ƙuri'u kusan miliyan 5. Binciken ya ce fararen fata su ne kashi 72 cikin ɗari na masu zaɓe, kuma Romney ya kwashe kashi 59 nasu. A 1988 George Bush babba ya samu kusan irin wannan kaso a wurin fararen fata, ya lashe wakilai 426, amma a lokacin su ne wajen kashi 85 na masu zaɓe. Baƙaƙen fata, kashi 13, sun ba Obama 93. 'Yan Latino, wato masu tushe daga ƙasashen Latin Amurka, kashi 10 ne, sun ba shi 71, Romney ya tashi da 27. 'Yan asalin Asiya sun ba Obama 73. Matasa 'yan ƙasa da shekara 30 sun ba shi 60, mata 55.

A nan hidimar ta biya kuɗinta. A cikin dare ɗaya ta nuna cewa ɗan takara zai iya cinye fararen fata da tazarar maki 20 kuma ya sha kaye, abin da a da ba a taɓa kawowa a rai ba. Tambayoyinta na ra'ayi ma sun yi amfani. Cikin waɗanda suka ce babban abin da suke nema a wurin shugaba shi ne ya damu da irinsu, kashi 81 Obama suka zaɓa. Wannan ya yi daidai da abin da ya faru a yaƙin neman zaɓe: bidiyon da mujallar Mother Jones ta fitar a Satumba, inda aka ji Romney yana cewa kashi 47 na Amurkawa sun dogara da gwamnati, da kuma maganarsa a muhawarar Janairu a Florida cewa a ƙuntata wa baƙin haure har su tattara su koma da kansu. Shi kuwa Obama a watan Yuni ya dakatar da korar matasan da aka shigo da su ƙasar suna yara ba da takardu ba.

Uwar jam'iyyar Republican, ƙarƙashin Reince Priebus, ta fitar da rahoto mai shafi kusan 100 a Maris 2013. Gundarinsa shi ne ƙasa tana sauya launi, dole a goyi bayan gyaran dokar shige da fice, a kuma ware dala miliyan 10 don jawo tsiraru. Sai dai da an ɗauki biro an yi ɗan lissafi da alƙaluman Edison ɗin kansu, da an ga bayanin bai cika ba. A ce Romney ya tashi daga kashi 27 zuwa 40 a wurin 'yan Latino. Tun da su kashi 10 ne, ya ƙaru da maki 1.3, Obama ya ragu da 1.3, tazara ta ragu da 2.6. Tazarar Obama kuwa 3.9 ce. Da wataƙila ya ƙwace Florida, wadda ya rasa da ƙasa da maki ɗaya, ya kai wakilai 235, har yanzu da sauran tafiya kafin 270. Ohio, Iowa, Wisconsin da New Hampshire, jihohin da 'yan Latino ba su da yawa, duk Obama ne ya cinye su, kuma ya yi hakan ne da ƙuri'un fararen fata ma'aikata, musamman a yankin masana'antun motoci da gwamnatinsa ta ceto.

Dalilin da ya sa ba a lura da wannan sosai ba shi ne babban aibin hidimar. Tana iya faɗa maka yadda wani rukuni ya yi zaɓe, amma tana yawan kuskure a kan girman rukunin. Matsalar tana faruwa ne a bakin rumfa. Mutane da yawa, sau da yawa fiye da rabi, ba sa tsayawa. Mai digiri ya fi wanda bai yi jami'a ba son cike takarda, matashi kuma ya fi tsoho saurin tsayawa, balle in ma'aikacin sa'ansa ne. Ma'aikaci zai iya kintatar shekarun wanda ya wuce shi, amma ba a ganin digiri a fuska, don haka a zaɓukan 2012 da 2016 wannan giɓin bai samu gyara ba. Sakamakon haka, masu zaɓen Amurka sun fito a jadawali sun fi yadda suke ilimi da ƙuruciya. An ga girman ɓarnar a 2016: Edison ya ce fararen fata marasa digiri kashi 34 ne na masu zaɓe, cibiyar bincike ta Pew kuwa, da ta bi sunayen mutanen da ta tambaya a rajistar jihohi ta tabbatar sun yi zaɓe, ta samu kashi 44. Maki 10 a zaɓen da aka kaɗa ƙuri'u sama da miliyan 130 ba ƙaramin abu ba ne. Waɗannan mutanen ne Donald Trump ya jawo, ya yi watsi da shawarar rahoton 2013, ya ƙwace Michigan, Pennsylvania da Wisconsin da tazarar da duka-duka ba ta kai ƙuri'u 80,000 ba.

Ba wai sauyin al'umma ƙarya ba ne. Hukumar ƙidaya ta Amurka ta nuna cewa a 2012 fitowar baƙaƙen fata ta kai kashi 66.2, ta zarce ta fararen fata mai 64.1, kuma ƙuri'un fararen fata sun ragu da kusan miliyan 2 daga 2008. Amma wannan labarin wa ya fito ne, wa ya zauna a gida, kuma binciken bakin rumfa ba shi da abin cewa a kan wanda bai zo rumfa ba. Fitowar 'yan Latino a shekarar kashi 48 ce kawai.

Alƙaluman ƙananan rukunai ma sai da taka-tsantsan. Saboda rumfuna ake zaɓa ba mutane ba, in aka dace da rumfuna biyu ko uku a unguwar 'yan asalin Cuba a Miami, waɗanda suka fi karkata ga Republican, sai alƙaluman 'yan Latino na ƙasa baki ɗaya su goce. A 2004 an ce George Bush ƙarami ya samu kashi 44 na 'yan Latino. Da aka sake haɗa binciken jihohi sai aka koma wajen 40, amma 44 ɗin ne ya zauna a bakin 'yan siyasa. Ga kuma tsimin kuɗi: a 2012 an soke cikakken binciken jiha a jihohi 19, har da Texas, inda miliyoyin 'yan Latino suke. Sannan kaɗa ƙuri'a da wuri yana ta cinye tushen aikin, domin a 2020 kusan kashi 69 sun kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe ko ta gidan waya.

Kamfanin dillancin labarai na AP da gidan Fox sun fice daga gamayyar a 2017, AP ta kafa VoteCast tare da cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago, inda aka riƙa tambayar mutum sama da 100,000 ta tarho da intanet, ba tsayuwa a bakin rumfa. A 2024, kan kason Trump a wurin 'yan Latino, Edison ya ce 46, VoteCast 43, Pew 48. Duk sun yarda an yi babban sauyi daga 27 ɗin Romney, amma maki biyar ne tsakanin na sama da na ƙasa.

Ga ɗan jarida ko ɗalibin siyasa, binciken bakin rumfa irin na Edison ya isa a daren zaɓe don manyan rukunai kamar maza da mata ko fararen fata gaba ɗaya, da tambayoyin abin da ya dami masu zaɓe. Kada a ɗauki alƙaluman da suka ɓulla kafin a rufe rumfuna, su ne suka nuna John Kerry na Democrat a gaba a 2004, alhali Bush ne ya ci zaɓen. In rukuni bai kai kashi 10 ba, bambancin maki uku ko huɗu tsakanin zaɓe da zaɓe ba hujja ba ce. Batun girman kowane rukuni kuwa, a jira rahoton hukumar ƙidaya da ke fitowa wajen watan Afrilu ko Mayu na shekara mai zuwa, da na Pew da ke biyo baya, kafin a rubuta dalilin faɗuwar kowace jam'iyya.