Inoreader: manhajar da take tattaro mini shafukan da nake bi

Na daɗe ina amfani da Inoreader wajen bibiyar shafukan intanet da nake karantawa, kuma ina ganin ta cancanci a yi bayaninta dalla-dalla. Shafukan labarai da na marubuta da yawa suna fitar da jerin sababbin rubuce-rubucensu ta hanyar da ake kira RSS, ita kuwa manhajar aikinta shi ne ta riƙa leƙa waɗannan jerin a madadinka, ta tara maka duk abin da aka wallafa a wuri guda. Adireshin shafi kawai za ka liƙa mata, ita ce za ta nemo jerin da kanta. Har tashoshin YouTube ana iya bi ta wannan hanya.

Abin da ya riƙe ni a kanta shi ne yadda take jera rubutu bisa lokacin fitowarsa, ba tare da ta zaɓa mini abin da take zaton zai burge ni ba. A kafafen sada zumunta, marubucin da yake fitar da rubutu mai nauyi sau ɗaya a wata yakan nutse ƙarƙashin masu wallafa abu ashirin a rana, har ka manta da shi. A nan kuwa rubutunsa yana nan yana jirana da alamar ba a karanta ba, ko da na yi mako biyu ban buɗe manhajar ba. Irin waɗannan marubuta na ware musu babban fayil nasu daban, kuma da su nake farawa.

Tsarinta na kyauta yana ɗaukar shafuka 150, kuma akwai talla a cikinsa. Ƙa'idojin tace rubutu da kansu sai an biya kuɗi. Feedly, wadda ita ma sananniya ce, 100 take bayarwa kyauta. Mai na'urar Apple da ba ya son buɗe asusu zai iya wadatuwa da NetNewsWire, wadda ba a biyan ko sisi a kanta.

Kowacce mutum ya zaɓa, ina ba shi shawara ya fara tabbatar da cewa tana barinsa ya fitar da jerin shafukansa a fayil ɗin OPML, wato fayil mai ɗauke da adireshin shafukan da yake bi, wanda sauran manhajoji irinta suke iya karantawa. Ranar 1 ga Yuli, 2013, Google ya rufe Google Reader, manhajarsa mai irin wannan aiki, kuma da irin wannan fayil masu amfani da ita suka kwashe shafukansu zuwa wasu manhajoji. A shekarar ce ma Inoreader ta fara aiki. Tana shigar da OPML, tana kuma fitar da shi, ni ma nakan ajiye kwafi lokaci-lokaci.

Kuskuren da na yi da farko nawa ne: duk shafin da na gani sai na ƙara, har adadin abin da ban karanta ba ya zame mini kamar bashi. Manyan jaridu ne suka fi cika jerin, don haka na cire yawancinsu na bar sassan da nake bukata kawai. Wasu shafukan kuma layukan farko kaɗai suke sakawa a jerinsu, amma manhajar tana da maɓallin jawo cikakken rubutun, wanda a mafi yawan lokuta yakan hutar da ni buɗe shafin.