WFH Research: rumbun alƙaluman aiki daga gida da inda ƙarfinsa ya tsaya

Shugaban ma'aikata da ke son sanin ko barin mutanensa su yi aiki daga gida zai amfane shi ba zai rasa rahotanni a intanet ba, sai dai da yawansu sun fito ne daga kamfanonin da ke sayar da manhajar taro ko ba da hayar ofisoshi. Shafin WFH Research (WFH taƙaitawa ce ta "aiki daga gida" a Turanci) ya fita daban, domin masana tattalin arziki uku ne suka kafa shi, wato Jose Maria Barrero da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da Steven Davis, kuma kyauta suke bayar da abin da suka tattara.

Ginshiƙin aikinsu shi ne tambayoyin da suke yi wa dubban mazauna Amurka 'yan shekara 20 zuwa 64, tun daga watan Mayun 2020, sannan su fitar da taƙaitaccen rahoto kowane wata. Wannan ɗorewar ita ce babbar darajarsa, saboda da ita ake ganin yadda kwanakin aikin da ake yi a gida suka kai kusan kashi 60 cikin 100 a farkon annobar korona, suka sauko a hankali, har suka tsaya a wajen kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya ninka na kafin annobar sau da yawa. Rahotannin suna nuna tazarar da ke tsakanin kwanakin da ma'aikata suke so da waɗanda iyayen gidansu suka yarda su bayar. Binciken da suka faɗaɗa zuwa ƙasashe 27 ya gano cewa mai aiki daga gida yana tsira da kimanin minti 72 na zirga-zirga a rana, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na wannan lokacin aiki yake komawa.

Inda nake da ja shi ne batun yawan aikin da ake kammalawa. Mutum ake tambaya ko ya fi ƙwazo a gida, alhali wanda ya ɗanɗani hutu daga cunkoson hanya da wuya ya ba da shaidar da za ta mayar da shi ofis. Amsar tana bayyana ra'ayin ma'aikata, amma ba ta auna aiki. Wanda ke son ma'auni na gaske sai ya nemi gwaje-gwajen da aka yi a cikin kamfanoni, waɗanda Bloom da kansa yake da hannu a biyu daga cikinsu. A kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Sin, an raba masu amsa kiran waya ta hanyar ƙuri'a, wasu a gida wasu a ofis, na tsawon wata 9, sai na gida suka ƙara yawan aiki da kashi 13 cikin 100. A gwaji na biyu, wanda mujallar Nature ta buga a 2024, ma'aikata 1,612 ne suka shiga, kuma kwana biyu a gida kowane mako ya rage ajiye aiki da kashi ɗaya cikin uku ba tare da ingancin aiki ya ragu ba. Wani nazarin kuwa, kan ƙwararrun fasahar sadarwa sama da 10,000 a lokacin annobar, ya tarar awannin aiki sun ƙaru yayin da abin da ake samarwa a kowace awa ya ragu.

Ɓangaren walwalar ma'aikaci ya fi rauni. Za ka san yawan masu son aikin gida da irin ƙarin albashin da suke ganin ya yi daidai da shi, amma kaɗaici da gajiyar da ke zuwa idan aiki ya kutsa cikin lokacin iyali ba su sami kulawa mai zurfi a rahoton wata-wata ba. Batun kuwa ba ƙarami ba ne, tunda a gwajin Ctrip kusan rabin waɗanda suka zauna a gida sun zaɓi komawa ofis da aka ba su dama, da yawansu saboda kewar abokan aiki.

Akwai kuma gyaran da mai karatu zai yi da kansa. Ta intanet ake amsa tambayoyin, kuma a binciken ƙasashen duniya masu ilimi mai zurfi sun fi yawa, don haka bai kamata a ɗauki alƙaluman a matsayin hoton kowace irin sana'a ba. Rahoton wata-wata yana da sauƙin fahimta ga mai jin Turanci, tunda yawancinsa zane ne da gajeren bayani, amma ɗanyen bayanan da ake saukewa sai wanda ya iya manhajar ƙididdiga.